WASIƘAR ZANDAM: Amsa Ga Akawun Da Aka Ce Ya Auri Gari

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Na san na yi alkawari wannan mako zan yi zancen tsadar takin zamani, amma wata takarda ta iso mini, ta sa na jingine wannan zance tukuna.

Takardar ta wani yaro ce, akawu a wani ofis a Birnin Kudu, ya kuwa roƙe ni kada in bayyana sunansa. Ya ce shekararsa biyu ke nan cikin ƙungiyar taimakon jama'a ta unguwarsu. Ran Asabar yana wurin yasar magudanar ruwa, ran Lahadi yana gyaran makabarta, da dare kuma in an buga masa waya sai ya tashi babur ya kai marar lafiya asibiti. To, ran nan ya komo gida da asuba, sai mai ɗakinsa ta ce masa, tun da ya ke gari ya aura, ita gadin gida ya ɗauko ta, sai ya riƙa biyanta albashi. Ya ce, "Baba, na ji an ce kai ka yi shekara arba'in da wani abu cikin wannan aiki. In bari ne, ko in ci gaba?"

Ɗana, da ka tambaye ni ina mai shekara talatin da na ba ka amsa cikin layi biyu, da kuma na ɓatar da kai. Yanzu sai ka yi haƙuri ka ji labarin tun daga tushe. Ku ma sauran akawuna da malaman makaranta ku matso kusa, don na tabbata ba gidansa kaɗai a ke wannan magana ba.

Taimakon juna ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mun tashi mun tarar da iyayenmu suna gayya. In mutum ya kwanta ciwo da damina, samari su kan taru da garemani su nome masa gona rana ɗaya, ba a ba su kome sai fura da godiya. In jinkar tsohuwa ta ruɓe, a ɗora mata sabuwa. Amma tsofaffin nan sun rarrabe gayya da aikin tilas sarai. Mahaifina ya kan ba mu labarin ɗiban gwamna, watau sa'ad da aka riƙa kwasar mutane ala tilas ana kai su haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, waɗansu ba su komo ba. Ya kan ce gayya ita ce wadda in ka ƙi zuwa ba wanda zai kama ka, sai dai kunya. Na riƙe wannan magana, don na sha ganin ƙungiyoyin da shugabanninsu suka mance da ita, suka koma cin tarar mutane kamar alƙalai, ba a daɗe ba suka watse.

Na kama aikin koyarwa a 1976, shekarar da Gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. A lokacin muna cikin Jihar Kano, ba a yanke Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta, 1991. A damina ta uku da kama aikina aka yi abin da ya haifi ƙungiyarmu. Matar wani maƙwabcinmu ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kāsa. Kogin nan da ya ratsa ƙasar Gwaram, wanda ya taso daga duwatsun Jos ya nufi Jama'are, ya cika ya batse, hanyoyi duk sun zama taɓo. Muka cire ƙyauren zaure muka ɗora ta, muka yi ta karɓa-karɓa har bakin babbar hanya. Nan muka zauna jiran mota. Da motar ta zo kuma sai aka shiga neman kuɗin da za a ba direba, wannan ya lalube aljihu, wancan ya koma gida da gudu. Kafin a haɗa, Allah ya yi mata cikawa a kan ƙyauren nan.

Mun san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma mun san kuma an umurce mu da yin sababi. Bayan sadakar bakwai muka zauna mu bakwai a gindin wata tsamiya: malaman makaranta biyu, da tela, da malamin asibiti, da na'ibin liman, da wani direba, da wani manomi wanda bai iya karatu ba amma ya fi mu duka hankali. Muka yi shawara kowa ya riƙa zuba Naira ɗaya a wata, domin ko tsakar dare lalura ta taso a tarar da kuɗin mota a ajiye. Da ya ke ni ne mai kyawun rubutu, sai aka miƙa mini littafi aka ce ni ne magatakarda. Ku riƙe zancen littafin nan, zan komo kansa.

Ba mu san irin wannan abu yana da suna a waɗansu ƙasashe ba. Sai daga baya na karanta cewa a 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku a birnin Shikago na Amurka suka kafa kulob ɗin Rotary, wanda reshensa na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. Na karanta kuma yadda wani mutumin Suwizalan, Henry Dunant, ya ga dubban sojoji kwance da raunuka ba mai jiyya bayan yaƙin Solferino a 1859, wannan ya zama asalin Red Cross a 1863. Nan gida kuwa ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu Nasril Islam wadda Sardauna ya kafa a 1962, waɗanda kowa ya san su a filin Idi da sansanin alhazai. Su mutanen Rotary galibi masu hali ne, a manyan ɗakuna su ke taro, mu kuwa a kan tabarma. Ban yi musu hassadar dukiya ba. Abu guda na yi musu hassada, shi ne dokarsu ta cewa shugaban kulob shekara ɗaya ya ke yi ya sauka.

Ayyukan da muka yi ba zan tsaya lissafa su duka ba, don kada a ce tsoho yana yabon kansa. Mun gyara rijiyoyi, mun yi wa makabarta shinge, mun haɗa kuɗi mun sai wa marayu allo da littattafai. Lokacin yaƙi da kurkunu mun bi ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa muna nuna wa mutane yadda a ke ɗaura shi a bakin tulu. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, alhali kuwa da aka yi ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980 an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya. Manomi ya kan kwanta da shi daidai lokacin noma. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne allurar shan-inna, wadda 'yan Rotary ɗin nan suka sa wa hannu tun 1985. A 2003 jita-jita ta cika Arewa cewa an zuba wani abu cikin maganin, har Jihar Kano ta dakatar da bayarwa, ba ta komo ba sai a 2004. Mu da muka tsaya muna cewa a bayar, akwai waɗanda suka daina amsa mana sallama. Wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, ka gaya mini, don me a ke biyo mu har ƙofar ɗaki da wannan kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya?" Na rasa amsa, don tambayarsa tana kan hanya, har yau kuma ban ji wanda ya amsa ta yadda ya kamata ba. Abin da na iya yi kawai, na ɗauko autana na sa aka ɗiga masa a gaban jama'a. An ga shan-inna irin ta asali ta ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, ran 25 ga Agusta, 2020 kuma aka yi shelar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Amma kada mai karatu ya ce an gama, a ci gaba da kai yara, don akwai wani nau'inta da ke ɓullowa inda aka yi sakaci.

To, ɗana, duk wannan shi ne gefen da a ke faɗi a wurin taro a tafa. Ga wanda ba a faɗi.

A bazarar 1996 sanƙarau ya faɗo wa Arewa, ya kashe dubban mutane. Mun yi kwana da kwanaki muna jigilar marasa lafiya daga ƙauyuka da rugage. Ban cika kwana gida ba, in na shigo ma sai in sake riga in fita. Wata rana da la'asar muna wani ƙauye muna ɗora mutum biyu a a-kori-kura, sai ga yaro a kan keke, uwargida ta aiko shi. Ya ce 'yata ta uku, tana da shekara shida a lokacin, jikinta ya yi zafi, tana kukan kai. Na ce ya koma ya ce a ba ta maganin zazzaɓi, ina nan tafe. Ni da na yi mako biyu ina gaya wa mutane in yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya ƙage, kada a jira gari ya waye! Ban tambayi yaron ko wuyanta yana lanƙwasuwa ba. Na ga kamar ciwon nan na gidajen mutane ne, ba zai shiga gidan magatakarda ba.

Ban komo ba sai da hantsi. Na tarar da gida a rufe. Ashe cikin dare uwargida ta goya yarinyar, ta ta da ƙanenta, ta ba da 'yan kunnenta na aure jingina aka sami mota. Ba ta taɓa asusun ƙungiya ba, ga shi kuwa littafin yana ƙarƙashin matashina, don na sha gaya mata kuɗin jama'a ne. Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi, yau tana da 'ya'ya huɗu. Amma ciwon ya tafi da jinta na kunne ɗaya, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Likita ya ce sanƙarau ya kan yi haka, bai ce jinkirin ne ya jawo ba, ni ma ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar.

Da na iske su a asibiti uwargida ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kurum ta ce, "Malam, sannu da aiki. Da mu ma mutanen wani ƙauye ne da ka zo da wuri."

Jama'a, ku malamai ne, kun fi ni sanin cewa haƙƙin iyali wajibi ne, aikin ƙungiya kuwa nafila, ba a kuwa barin farilla a kama nafila. Na san wannan tun ina makarantar allo. Abin da ya rufe mini ido, in faɗi gaskiya, daɗin godiya ne. In ka kai matar wani asibiti, mijinta zai yi shekara yana sa maka albarka a kasuwa. In ka kai taka, ba mai cewa kome, don aikinka ne. Zuciya kuwa tana son inda a ke yaba mata. Duk mai aikin sa kai da ya ce bai taɓa jin wannan ba, to, ya sake bincika kansa.

Na yi niyyar barin ƙungiya a lokacin. Manomin nan da na ce ya fi mu hankali shi ya hana ni. Ya ce in na fita don wannan, gobe tela ma zai fita, jibi direba, sai a koma ɗaukar mata a kan ƙyaure. Ya ce laifin ba na aikin ba ne, na yadda mu ke yinsa ne, mutum uku sun ɗauke kayan mutum talatin suna jin daɗin a ce ba su gajiya. Daga nan muka sake tsari. Muka raba kwanakin mako, kowa da darensa, ba mai yin dare biyu a jere. Wanda ke da marar lafiya a gida an ɗauke masa fita har ya warke, in ya fito ma a kore shi. Ba mai zuba kuɗin wata sai ya auna hatsin gidansa. Kuma iyalin ɗan ƙungiya suna da haƙƙi cikin asusu kamar kowa.

Sa'an nan muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, muka nemi mata. Mu maza iyakarmu zaure. Mace tana iya kwana uku tana zubar da jini a cikin gida ba mu sani ba, don kunya ta hana a faɗa. Uwargida da waɗansu dattijan mata suka koyi alamun hatsari wurin malamar asibiti: zubar jini, da kumburin ƙafa da fuska, da jijjiga, da naƙudar da ta wuce yini ko dare guda. Su ke shiga gidaje, su ke aiko mana. Su ne kuma suka koya wa matan gari haɗa ruwan gishiri da sukari, watau lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, abin da ya yi amfani ƙwarai sa'ad da amai da gudawa ya yi ɓarna a Jigawa a 2021. Da Gwamnatin Sule Lamido ta kawo shirin Haihuwa Lafiya, sai ta tarar matanmu sun riga sun yi nisa. Abin mamaki, tun da uwargida ta shiga aikin ban sake jin ƙorafi ba, sai ma ni na koma tambaya ina abincina.

Zancen kuɗi kuwa a taƙaice zan yi shi. Mun taɓa yin ma'aji, mutumin kirki, wanda aurar da 'ya ya matse shi ya ranci abin da ke asusu, da nufin ya mayar bayan kaka. Kafin kaka lalura ta taso aka tarar da akwati wayam. Ya biya daga baya, amma shekara biyu mutane ba su yarda sun zuba ba. Tun daga ran nan mabuɗi biyu ne a hannun mutum biyu, kuma kowane wata a kan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da babbar murya, har kuɗin alli. Haka kuma lokacin wani zaɓe wani ɗan takara ya yi mana tayin mota, bisa sharaɗin a manna hotonsa a jikinta. Muna bukatar motar nan ainun. Muka yi ta gardama har dare, daga bisani muka ƙi, don motar da ke da hoton wani, rabin gari ba za su kira ta ba ko suna mutuwa. Samari da yawa suka yi fushi suka fita. Har yau wani lokaci ina tunani ko mun yi daidai.

Da ma na kan yi wa samarin zamani gori, in ce ba su ɗaga tsinke sai sun tambayi nawa ne alawus. Na janye rabin wannan magana. A ambaliyar 2022, wadda ta cinye gidaje da gonaki a Jigawa, yaran nan su suka kwana cikin ruwa suna fid da tsofaffi da awaki. Ta WhatsApp kuma suka tara daga 'yan garinmu mazauna Kano da Kaduna da Ikko, cikin 'yan kwanaki, abin da mu a dā sai mu shekara ba mu tara ba. Kuma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, ba adalci ba ne a ce wa yaro mai ɗan albashi ya ƙona mansa kullum don Allah. Yanzu asusu ke biyan mai, lokacin mutum ne kaɗai sadaka.

Saboda haka, ɗana, ga amsata. Kada ka bari, amma kada ka ci gaba yadda ka ke yi. Mai ɗakinka ba ta ƙi taimakon jama'a ba, ta ƙi a bar ta ita kaɗai ne. Ka je wurin 'yan ƙungiyarku ka ce a raba dare. In sun ce ba wanda zai iya sai kai, to, wannan ba ƙungiya ba ce, kai ne kawai da 'yan kallo. Ka ware Asabar ko Lahadi, ɗaya ta zama ta gida, ko Hakimi ne ya aiko. In za ka fita da dare ka gaya mata inda za ka, ka bar mata kuɗin mota da lambar wanda za ta kira in ba ta same ka ba. In ta aiko maka cewa yaro ba lafiya, ka ajiye abin da ke hannunka ka fara tambaya. Ka kuma tambaye ta ko akwai abin da ta ke so ta yi cikin aikin, kada ka yanke mata.

Saura zancen littafi. Tun ran da aka miƙa mini shi a gindin tsamiya ban sake shi ba. An yi shugabanni, an yi ma'aji, magatakarda dai ni ne. Na cika littafi goma sha ɗaya. Na kan ce ba wanda ya iya rubutu kamar nawa, alhali yaran da na koyar sun zama malamai, waɗansu har sun yi ritaya. Cikin mu bakwai na farko saura mu biyu, ni da tela, shi kuwa idonsa ya tafi. Takardarka ce ta sa na zauna na ga ina shirin ba ka shawarar da ni ban gama bi ba. Na gaya wa shugaba ran Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci zan miƙa littattafan ga wanda jama'a suka zaɓa, na kuma kawo shawara a sa doka kada kowa ya wuce shekara uku a kan muƙami. Da na gaya wa uwargida, sai ta ce ba ta yarda ba sai ta ɗaga matashi ta ga ba kome a ƙarƙashi.

Ka sake rubuto mini bayan wata biyu in ji yadda kuka ƙare da mai ɗakinka. Zancen taki kuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.

Naka,
Tsohon Malamin Makaranta,
Zandam, ƙasar Gwaram.